Rumbun da Ya Yi Shiru

Daren Laraba hadari ya haɗo daga gabas,
ina tsakiyar kwafe lissafin takin bana,
wuta ta ƙifta ido sau biyu, ta wuce
ba sallama, kamar baƙon da ya kwana da bashi.

Da safe na jona shi. Shiru.
Ɗan akwati baƙi, bai fi tafin hannuna ba,
amma cikinsa manoman riɗi ɗari uku da sha ɗaya,
kowa da buhunsa, kowa da dangwalen yatsansa,
shekara shida ta ƙungiya a kwance.
A Gagarawa aka yanke mini cibiya,
ban san ma'anar sunan ba sai yau.

Na zare waya, na hure bakinta, na mayar.
Na sauya mata rami, na dama, na hagu.
Na ari ta injin buga takarda, ba ta shiga ba.
Na kara kunne a bayansa
kamar mai sauraron ƙwai ko da ɗan tsako a ciki.
Ko numfashi babu.

Kafin hantsi labari ya riga ni kasuwa.
Mati na Tsalha ya zo jaje, buhu huɗu ake bin sa,
fuska a murtuke, ido yana rawa:
"Ashe rumbu ya ƙone, Magatakarda? Sai haƙuri."
Bayansa Barau, bayansa Ɗan'azumi.
Ban taɓa ganin masu jaje da sauƙin kafaɗa haka ba.

Da suka watse na sunsuna tukunyar wutarsa.
Ƙauri! Kamar an manta tuwo a murhu.
Wato ba hatsin ne ya ci wuta ba,
tsanin hawa ne ya karye.

Na garzaya rumfar Ɗayyabu mai cajin waya,
muka zazzage kwalinsa na tarkace,
muna karanta ƙananan lambobi a hasken rana:
wannan tara, wannan sha tara, kul,
sai ga mai sha biyu, baki ya dace da baki.
Ya ɗora mu kan batirin solarsa.

Ɗan koren ido ya buɗe.
Na ji shi a yatsuna, yana juyi can ciki
kamar mazari a hannun tsohuwa.

Sai kwamfuta ta tare ni da tambaya:
ba ta gane shi ba, wai ko ta share shi ya koma sabo?
Yatsana har ya tashi.
Na kira Hansatu, 'yar ƙanwata da ke karatu a Dutse.
"Kawu, cire hannunka!
Wanda ya ɓatar da makulli ba ya rushe ɗaki.
Ka ce a'a. Rubuta abin da zan faɗa maka."
Harafi harafi take ba ni, katina yana zuba,
na sa na'ura ta bi shi zangarniya zangarniya.

Azahar ta wuce. La'asar ta same mu a kai.
Ɗayyabu ya sayo rake, muka rasa bakin sha.

Dab da magariba sunaye suka fito,
daga shekarar ambaliya har makon jiya.
Na daren Laraba kaɗai ya tafi da wutar,
shi kuwa yana littafina, da biro ja.

Ban kwanta ba sai da na juye komai wuri biyu,
ɗaya a ofis, ɗaya cikin adakar Ladidi,
ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa.

Da asuba, a ƙofar masallaci, Mati ya rage murya:
"Yaya mai jiki?"
Na ce ya tashi, har ya tambaye ka.